Kwana Ukun Da Dago Bai Taɓa Sukudireba Ba

Duk wanda ya zauna a unguwar Rebolo ta birnin Barranquilla ya san Dagoberto Pertuz, wanda ake kira Dago. In bai san fuskarsa ba ya san ƙeyarsa, don kullum a duƙe yake a bayan wani inji. Shekara talatin da ɗaya yana gyaran firji da iyakwandishan. Allah ya ba shi kunne na ban tsoro: zai wuce ta ƙofar gidanka a kan babur, ya ja birki, ya leƙo ya ce maka firjinka ba zai kai Lahadi ba. Kuma wallahi ba zai kai ba. Ranar bikin 'yarsa Yesenia, ana tsakiyar ɗaurin aure a coci aka nemi uban amarya aka rasa. Can aka hango shi tsaye a kan benci yana ɗaure wa fankar bango noti.

Matarsa Nuris ta ga haƙuri. Tana zuba masa romon kifi, shi yana ba ta labarin wani otal a Montería da ya yi wa tafiyar awa shida, ya tarar ledar da aka naɗo sabon injinsu da ita ce ba a cire ba.

"Sabon inji ba ya mutuwa haka kawai, tsohuwa," in ji shi, da rogo cike da baki. "A zagaya bayansa, a yaye leda, a danna jan maɓalli. Shi ke nan."

Labarin nan ta ji shi ya fi sau ɗari. A kan firjinsu na gida akwai wani ɗan kofin ƙarfe mai ruwan zinariya. Abin da Dago ya sani game da kofin nan ɗaya ne: yana kaɗawa in firji ya tashi. Sai ya naɗe tsumma ya tura masa a ƙasa.

Kamfanin da yake wa aiki yakan tura shi Santa Marta, Valledupar, Montería, kuma kullum a otal-otal na wani kamfani guda ake sauke shi. Duk kwanan da ya yi ana zuba masa makin kyauta a wani katin roba, shi kuwa ƙanƙara yake kankarewa da katin. Yesenia ce ta duba a waya wata rana ta kurma ihu. Makin sun isa kwana uku, mutum biyu, ci da sha, a sabon otal ɗin da aka buɗe a wani tsibiri gaba da Cartagena, kuma ƙarshen wata za su ƙone.

"Zan je," in ji Nuris, "amma da sharaɗi. Kwana uku, tsoho. Ba sukudireba, ba filaya. In ka taɓa ko kan kwalba ne da nufin gyara, daga tashar jirgin ruwa zan wuce Sincelejo wurin yayata, ka zauna da firjinka ya riƙa dafa maka."

Dago ya yi dariya. Ita ba ta yi ba. A nan ya gane da gaske take, don ya san yayar, ya kuma san akwai ɗaki a gidan.

Otal ɗin sabo ne har warin fenti na hawa kai. Bishiyoyin kwakwa duk an tokare su da katako, fitilar ɗakinsu da takardar kanti manne a gindinta. Aka ɗaura musu robar hannu ruwan hoda, shaidar baƙin otal. Manajan, wani ɗan Bogotá mai suna Fabián, ya tarbe su cikin kwat da laktaye a wannan zafin, yana gumi kamar tulu.

Ko jaka ba su ajiye ba Dago ya ji iyakwandishan ɗin ɗaki na yin ƙas-ƙas. Ya zauna a kan hannayensa. Suka sauka wurin ninkaya, famfon ruwan na kuka ta hanci. Suka shiga ɗakin cin abinci, injin ƙanƙara na shaƙuwa. Mutane na cin shinkafar kwakwa da soyayyen kifi suna santi, shi yana taunawa kamar an ba shi bambaro. A ƙarshe ya gudu cikin teku ya tsaya ruwa iya wuya da hular kabarsa, don teku ne kaɗai ba shi da noti. Ko a can janareton otal ya biyo shi.

Kashegari Nuris ta kama shi yana auna bakin wuƙar shafa man shanu da babban yatsa, idonsa na kan wata kujera mai rawa.

"Dagoberto."

"Man shanu zan shafa, tsohuwa."

"Ina burodin?"

Ya ajiye wuƙa. Da rana ta same shi yana raɗa wa wata mai shara abin da ke damun fankar baranda, ta ce har baki ta hana. Ya wuni a kujerar bakin ruwa da auduga a kunne, yana kallon tsuntsaye kamar marar lafiya.

Rana ta uku da hantsi sai ga Fabián a guje, laktaye a kafaɗa. Ɗakin sanyi na kicin ya tsaya cak, a ciki akwai kifi da jatan lande na walimar buɗe otal, baƙi ɗari biyu na tafe gobe. Iska ta tashi, jirgin da zai kawo makaniki daga Cartagena ba zai taso ba sai gobe. Shi kuma ya duba takardar baƙi ya ga sana'ar Dago.

"Ranka ya daɗe Dagoberto, ka rufa mini asiri! Watana ɗaya a aikin nan."

Dago ya miƙe ba tare da ya sani ba. Yatsunsa na motsi da kansu. Ya dubi kicin, ya dubi Nuris da ke shafa mai a gwiwa ba ta ko ɗago ba. Sai ya koma ya zauna a hankali, ya tura hannaye ƙarƙashin cinya.

"Ka yi haƙuri, ɗana," ya ce. "Hutu nake."

Tun da aka haife shi bai taɓa faɗin magana mai zafin wannan ba, har ƙwalla ta cika masa ido.

Nuris ta dube shi ta daɗe. Sannan ta rufe kwalbar mai, ta zura silifa. "Sabo ne injin?"

"Fil, ranki ya daɗe. Makon jiya aka ɗaura."

"Muje."

Dago ya bi su a baya, hannaye a hammata. Nuris ba ta ko shiga ɗakin sanyin ba. Ta zagaya bayan kicin cikin rigar wanka mai furanni, ta sa aka kawo mata akwatin lemo ta taka, ta leƙa bayan injin. Ga leda nan shuɗiya lulluɓe, ta toshe iska. Ta yaye ta kamar mai fiɗar kifi, ta lalubo jan maɓalli ta danna. Injin ya yi tari sau ɗaya ya kama aiki. Masu girki suka hau buga murafen tukwane, Fabián ya sumbaci hannunta, ya rantse zai buɗe mata kati nata na kanta ya cika shi da maki.

Dago ya saki baki. "Tsohuwa, wa ya koya miki?"

"Wani mutum ne mai cin abinci a gidana. Shekara talatin da ɗaya ina jin sa." Ta sauko daga akwatin, ta kaɗe hannu. "Yanzu kai. Ina nake zuwa duk Alhamis?"

"Coci."

"Coci da jakar ƙwayoyin wasan domino?"

Ba ta jira amsa ba, ta ƙara jefo masa wata.

"Kofin da ke kan firji, me aka rubuta a jikinsa?"

Ya san nauyin kofin nan, ya san ƙarar da yake yi, ya san ninki nawa tsumma ke buƙata. Rubutun ne bai taɓa karantawa ba.

"Sunana ne," in ji Nuris. "Shekara huɗu a jere ba macen da ta doke ni a gasar domino ta Rebolo. Ranar da na kawo shi na ajiye a can don ka gani, sai ka sa masa tsumma."

Kunya ta kama Dago irin wadda bai taɓa ji ba. Ya cire hular ya rasa inda zai sa ta. Daga nan ya wuce teburin karɓar baƙi ya tambaya ko otal ɗin na da domino. Akwai, sabo, ko ledar ba a yaye ba. Ya miƙa mata ta yaye da kanta.

Suka zauna a baranda, ƙarƙashin fankar nan mai ƙara. Ta ci shi sau bakwai a jere, tana buga ƙwaya a tebur tana yi masa tsiya, tana ba shi labarin Temilda mai leƙen hannun mutane da yadda ta kwashe ta a wasan ƙarshe. Fanka na ta ƙar-ƙar a samansu. Wuyan Dago ya fara juyawa sama, ya kama haɓarsa da hannu ya dawo da ita.

"Sai Temilda ta ce me?" in ji shi.