Karen Malama da Buhun Legas

A cikin shekarun da na yi ina aikin duba dabbobi a Haɗejiya, akwai wata taƙaddama da har na koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba. Kuma wai a kan kare! Ni da na saba da shanu da tumaki.

A ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin ne, wata malamar firamare 'yar Kudancin Kaduna ta janyo min wani jan kare. Jikinsa duk ya kwaile, yana susa kamar zai yage fatarsa. Na marigayi mijinta ne, shi ya sa take ji da shi. Maƙwabta kuwa sun riga sun kai ƙara wurin mai unguwa, wai cuta ce mai yaɗuwa, a kashe shi.

Na duba, babu kaska, babu ƙuma. Na yi masa maganin ƙazuwa, shiru. Sai na ce, "Malama, ina zargin wani abinci ne bai karɓe shi ba. Me yake ci?" Ta ce sauran tuwo da kan kifi. Lokacin ruwa ya ja baya, masunta daga Guri da Kirikasamma sun cika kasuwa da bandar kifi. Na ce a tsayar da komai, a ba shi shinkafa da naman akuya kaɗai har mako shida. Na je da ƙafata na roƙi mai unguwa ya ba mu wata biyu, na ce idan kare bai warke ba a daina kirana malamin dabbobi. Yau idan na tuna wannan cika bakin, dariya nake wa kaina.

Mako biyu susa ta ragu. Ana nan sai ƙanen Malama, wani direban babbar mota, ya sauka da buhu mai ƙyalli daga Legas, da hoton kare yana dariya. An rubuta da Turanci wai na musamman ne don karnukan da abinci ke sa wa ƙaiƙayi. Na juya buhun nan gaba da baya: babu sunan kamfani, babu jerin abin da aka haɗa, babu ranar lalacewa. Na ce ban yarda da shi ba.

"Malam, ka taɓa zuwa Legas?" in ji shi. "Karnukan Turawa ne ke cin wannan. Kai shinkafa kawai ka sani."

Na haɗiye fushina, Malama kuma ta yi min alkawari ba za a taɓa buhun ba. Bayan kwana goma sai ga kare ya dawo ya fi da muni, kunnuwansa na ruwa. Na sake yi masa wanka da magani, na sake bincike, na koma littattafaina har na fara zargin kaina. A kasuwa kuwa mahauta na tsokanata, "Likitan kare, ya mai jiki?"

Wata ranar Asabar da hantsi na biya gidan ba sanarwa. Me zan gani? Direban nan a tsugune yana zuba wa kare ƙwayoyin buhun a kwano! Na ce, "Tun yaushe?" Ko kunya babu ya ce, "Tun ranar da na zo. So nake ya warke in nuna wa Yaya ba ka san aikinka ba."

Wallahi sai da na yi ta'awwuzi sau uku. Na ce a kawo ruwan zafi, na jiƙa ƙwayoyin a gaban Malama. Kafin su gama narkewa ƙarnin kifi ya cika tsakar gida. Na murza da yatsa, ga dusa, ga ƙananan ƙayoyi. Na miƙa masa kwanon na ce, "Shinshina. Tun daga Legas ka ɗauko mana abin da muke gudu a Haɗejiya." Malama ta kinkimi buhun ta juye wa kajinta.

Muka koma farko, saura mako uku wa'adi ya cika. Ranar da mai unguwa ya zo dubawa, gashi ya fara tsirowa, susa ta tsaya. Ya ce, "To, a bar shi." Daga baya na gwada ba shi ɗan kifi don in tabbatar, cikin kwana biyu ya hau susa. Karen ya ƙara shekara bakwai a duniya, a garin kifi, bai sake ɗanɗana kifi ba. Direban kuwa har ya bar garin yana cewa abincin nasa ne ya yi aiki a hankali.

Abin da na koya shi ne, ba girin-girin ba, ta yi mai. Kowa na iya buga rubutu a bayan buhu, jikin mai ci ne kaɗai ba ya ƙarya. Kuma kafin ka ɗora wa dabba doka, fara tabbatar da mutanen gidan za su bi ta, don sau da yawa su ne suka fi wuyar magani.