Allon da Makaio ya yanka da zarto

Yayana Makaio bai taɓa yarda da kowa ba a Waikiki, garinmu na bakin teku, kuma ni ma a gidan aka haife ni, halinmu ɗaya. In ka gaishe shi da fara'a, sai ya juya ya duba ko gizagonsa na nan. Sana'arsa sassaƙa allon hawan igiyar ruwa, irin na kakanni. Ya hau dutse ya zaɓi icen koa, ya binne jan kifi a gindinsa kafin ya sare, ya sassaƙe, ya goge da dutsen teku, ya shafe da man ƙwayar kukui. Allonsa sai ƙato ke ɗauka.

Na ƙarshe da ya yi kafin hannunsa ya fara rawa shi ne mafi kyau. Ya ba Iokepa, mijin 'yarsa Luika, wani masunci marar yawan magana. Ni dai shiru-shirun nan nasa bai taɓa kwanta mini ba.

A shekarun nan ne sabon yayi ya shigo: samari na ƙwaƙule cikin allo su liƙe, ya zama holoƙo, ba nauyi. Makaio ya ce wannan akwatin gawa ne, duk wanda ya yi wa aikinsa haka ya zage shi.

Wata safiya muna zaune a bakin ruwa, Iokepa ya fito, ya saɓa allon a kafaɗa ɗaya yana tafiya abinsa.

"Yaya, ka ga abin da na gani?" na ce.

"Ba makaho ba ne ni."

"Allonka na gida ai mutum biyu ke jan sa."

"Ice ɗaya na tsaga na yi su," in ji shi. "Ruwa ba ya tsami banza."

Daga ranar bai sake samun sukuni ba. Ya ja ni muka je gidan su Iokepa wai cin poi, tuwonmu na gwaza, ya ƙwanƙwasa allon da ƙashin yatsa, ya kara kunne. Ya tambayi Luika me mijinta ke yi a rumfa kullum in ya dawo daga ruwa, har da rufe ƙofa.

"Baba, allonsa yake gyarawa."

"Gyara! Kin ji ko?" ya ce da ni a hanya. Na ce biri ya yi kama da mutum. Da bakina na faɗa, kuma har yau yana ci mini rai.

Ranar Asabar, bakin ruwa cike da jama'a, Makaio ya iso da zarto.

"Mijin Luika, ajiye allon nan."

"Lafiya, Baba?"

"Ka ƙwaƙule mini aiki, kana yawo da shi kamar na Allah!"

Wani ya yi ihu, "Tsoho, zarton na aski ne?" Aka kwashe da dariya. Iokepa bai yi ba.

"Baba, ban taɓa shi ba. Amma naku ne, ku yi yadda kuka ga dama."

Makaio ya daɗe yana yanka, ba wanda ya taya shi. Da allon ya rabe biyu kowa ya leƙa. Ice ne cunkus, jawur, a bushe ƙamas har tsakiya.

"To me ya sa ba nauyi?" Makaio ya tambayi Iokepa.

"Ranar da kuka ba ni kun ce kada ya kwana da ruwa a jikinsa. In shanya shi, in shafa mai, in naɗe da zane, in rataye. Ƙofar kuma don kaji nake rufewa."

Na tuna allon yayana, jingine a bayan gida shekara shida, ruwan sama na dukansa, ya sha ya ƙoshi. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa ido.

Iokepa ya tattara ɓarin biyu ya tafi gida. Luika ta ce mini har Makaio ya rasu, mijinta bai fasa shafa musu mai ba. Yayana kuwa bai sake taka rumfar nan ba, ko da sun kira shi cin abinci.