Abin da Ya Rage na Baba a Kano

Baba ba ya barin komai na jikinsa a fili. In wanzami ya yi masa aski a ƙofar gidanmu a Ɗanzomo, da kansa yake tattara gashin, ya tona rami a gindin katanga ya rufe. Farce ma haka. Muna yara mukan ce wata rana sai katangar nan ta yi gemu.

Da ciwon ƙoda ya kama shi, ƙafafu suka kumbura, ni nake jigilarsa zuwa asibiti a Gumel. Can wata likita mai bincike daga Kano ta roƙi fitsarinsa. Ta ce akwai ƙananan ƙwayoyin halitta na ƙoda da ke biyo fitsari da ransu, za su tace su, su rene su a ɗakin gwaji, ko a gano abin da ke cinye ƙodar mutanenmu. Ba ta ɓoye mana ba, ta ce da wuya shi ya amfana.

Ni na matsa masa ya yarda. Na gaji da zuwa gaisuwar mutuwa daga Gagarawa har Maigatari, kuma ciwon ɗaya ne. Baba ya daɗe yana kallon 'yar robar da ta miƙo.

"Yarinya, najasa fa kike roƙo," ya ce mata.

"Da rai a cikinta, Baba."

Sai ya juyo gare ni. "To, kai ne shaida. In sun gama, ka karɓo mini abina ka rufe."

Na ce to. Ya ba da fitsarin, aka sa robar cikin ƙanƙara, mota ta wuce da ita Kano a guje.

Baba bai ga kaka ba. Bayan sadakar arba'in likitar ta kira ni, ta yi ta'aziyya, sannan ta ce ƙwayoyin sun kama, suna ta yaɗuwa, har sun daskarar da wasu saboda gaba. Na ce yaushe za su gama? Ta ce irin wannan aiki ba a sa masa rana.

Tun ranar hankalina ya ƙi kwanciya. Ina son su daɗe da rai, wallahi ina so, kuma ina son a ba ni su in cika alkawari. Sai in ɗauki waya zan kira ta, in ajiye, in fita in zaga gari ba dalili.

Inna ta hana a ɗaure akuya a gindin katangar nan. Duk zuwan da na yi gida, kafin in gama shan ruwa za ta tambaye ni, "Har yanzu ba su sallami Malam ba?"