Lissafin Maude na Ruma

Maude ɗan gidan malamai ne a Ruma. Bai yi zurfi a fiƙihu kamar 'yan'uwansa ba, amma in aka zo rabon gado shi ake kira, don ba ya kuskuren kaso. Daga nan wata tambaya ta shige masa rai. Wace lamba ce za a raba biyu, a raba uku, a raba huɗu, har zuwa ashirin, ba tare da ko ɗaya ya saura ba?

Da rana, in ya taso daga gona, sai ya zauna gindin tsamiyar ƙofar gari yana zane a ƙasa da tsinke. In mutum ya matso, ya shafe da tafin hannu, don kunya yake ji a ga babba yana wasa da ƙasa.

A shekarun nan mahara daga Maraɗi ba su bar ƙasar Ruma ta huta ba. Barau, maƙwabcin Maude, wanda aka kore wa shanu bara, shi ya fara magana.

"Mutum ya zauna bakin ƙofa yana ƙirga, ya ga mutane ya shafe? Rumbunanmu da dawakinmu yake lissafa wa wasu."

Magana ta yaɗu. Mata suka rage shiga wurin Hansai, matar Maude. Mai gari ya sa aka kira shi.

"Malam Maude, me kake ƙirgawa?"

"Ranka ya daɗe, lamba ce kawai. Ta haura dubu sau dubu har sau ɗari biyu. Daga biyu zuwa ashirin, duk yadda ka raba ta, daidai take fita. Ka ƙara mata ɗaya, kowane rabo sai ɗayan nan ya saura. Ashirin da uku ce ta fara gagarar ta."

"Lambar mene ne? Shanu ko mutane?"

"Ba ta komai ba ce."

Barau ya ce, "Kun ji ko? Wa ke ƙirga babu?"

Limamin gari ya sa Maude ya rubuta lambar, ya gwada rabon da bakwai da goma sha ɗaya, ya ce lissafin daidai ne, amma abin da ke zuciyar mutum Allah kaɗai ya sani. Mai gari bai hukunta shi ba, sai dai ya hana shi zaman ƙofar gari.

Da kaka mahara suka faɗa wa wata ruga kusa da garin. Ba wanda ya ambaci sunan Maude, amma aka daina kiransa rabon gado. Hansai ma wata rana ta tambaye shi, murya ƙasa-ƙasa, "Malam, don Allah, ba ka da hannu ko?"

Wannan ta fi yi masa ciwo. Bayan an gama sussukar gero suka kwashe kaya suka koma Yasore wurin dangin uwarsa. Can ya yi noma har ya tsufa, bai sake taka Ruma ba.