Zogalen Barira

Wata rana, a wani asibiti a Gusau, likita ta kwance abin awon jini daga hannun wani dattijo, ta girgiza kai.

Sunansa Malam Ashiru, tela ne. Wata takwas ke nan da rasuwar matarsa Barira.

Shekara talatin da ɗaya tana ciyar da shi kwaɗon zogale, faten wake, fura da kindirmo. Shi kuwa bakin nan nasa ba ya hutawa: "Kin mayar da ni akuya!" Sai ta yi dariya ta ƙara masa.

Tun da ta tafi, teburin mai shayi ne gatansa. Burodi, taliya, lemon kwalba.

Zogalen da ta dasa a tsakar gida ma, ya yi magana da mai gatari ya zo ranar Asabar ya sare. Wallahi ba ƙiyayya ba ce. Duk sanda ya kalle shi sai kewarta ta taso masa.

Ga hawan jininsa ya ƙi sauka, har likita na tsoron shanyewar ɓarin jiki.

Ta tambaye shi abin da yake ci. Ya lissafa mata.

Ta ce, "Baba, a hanjinmu akwai ƙananan halittu masu amfani, ido ba ya ganinsu. Ganye da wake da gero ne abincinsu. Masu bincike na ganin idan suka yi rauni, abin na iya shafar hawan jini. Da can wa ke dafa maka?"

Ya amsa a hankali:

"Barira. Ashe ba ni kaɗai ta bari a maraici ba, har da halittun hanjina."

Ranar Asabar mai gatari ya zo, Malam ya ba shi haƙuri ya sallame shi.

Ya tsinko ganye, ya dafa, ya daka ƙuli. Kwaɗon ya yi ruwa tsululu, ko kusa da nata bai kai ba.

Ya zauna a gindin zogalen ya cinye tas, yana jira a ƙara masa.

Darasi: Sha maganinka yadda likita ta ce, ka koma wa ganye da wake. Mai dafa maka kuwa, gode mata yau, tun tana jin ka.

Tura wa wanda har yanzu ke raina kwanon gidansa.