Birkin Da Ka Hana Ni Fita Da Shi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, 11 ga Mayu, 1976, labari ya iske ni a ofis cewa Malam Isyaku bakanike, mai gareji a Fagge, ya rasu. Motar haya ce ta ƙwace wa direba a shataletalen Bata ta bi ta kansa yana bisa keke. Da aka duba, ruwan sabulu aka tarar a inda ake zuba man birki.

Ruwan sabulu, Malam Isyaku! Abin da ka shekara ashirin kana faɗa a kai har muryarka ta dishe. Tun da kuɗin man fetur ya shigo gari kowa ya zama mai mota, kowa sauri yake yi, ba mai tambayar yadda zai tsaya. A sa rediyo, a sa labule, a sa ƙaho mai kiɗa, birki kuwa a bar wa Allah. Wallahi abin yana ci mini rai.

Amma da wane baki zan zagi direban nan? Ni ma na kawo maka tsohuwar motar mahaifina, wadda ya saya tun kafin 'yancin kai, don kawai a yi mata fenti ta ɗauki amarya a bikin ƙanwata Huseina. Ka shiga, ka taka birki sau uku kafin ya kama, ka fito, ka kwance tayoyin nan huɗu ka ɗora ta a kan duwatsu. Haka kake yi wa kowa, ko alhaji ko ma'aikaci: motar da birkinta bai gamshe ka ba, ba ta fita da ƙafafunta.

Ka ce, "Malam Maje, bututun birki ɗaya gare ta. In ya fashe, shi ke nan. Zan sa mata na zamani mai layi biyu, in ɗaya ya mutu ɗaya ya riƙe."

Mako shida muna jiran kaya daga shagon Nwabueze, mai sayar da kayan mota a Sabon Gari. Biki ya zo ya wuce a motar aro. Na zo garejinka a fusace, a gaban jama'a na ce maka kai dai tsohon yayi ne, ba ka iya komai ba sai ɓata wa mutane lokaci. Ka ci gaba da goge hannunka, ba ka ɗago ba. Rabona da kai ke nan.

Ranar sadakar uku Nwabueze ya ja ni gefe yana kuka. Ashe kayan sun iso, kai da kanka ka je ka karɓa. Suna ɗaure a bayan kekenka lokacin da motar ta same ka.

Na je wurin mai ɗakinka Ummakulsum na faɗa mata abin da na yi, ko zan ji sanyi. Ta ce, "Ai bai taɓa cewa kun yi faɗa ba. Cewa yake yi motar nan taka yara za ta riƙa ɗauka."

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Ummakulsum da 'ya'yanka da dukan danginka na Rijiyar Lemo, Allah Ya ba ku haƙuri. Ni kuma ku sa ni a addu'a, domin wanda ya kamata in nemi yafiyarsa ban same shi da rai ba.