Robon da ya ratsa gaban Baba yana salla

Shekarar da na zo bakans, wato dogon hutu, daga karatu, Baba ya zaunar da ni a zaure, cikin warin fatu, ya ce ba zan koma ba. Baduku ne, gwiwoyinsa sun fara gajiya, yana son mai riƙe masa rumfa. Ya ce, "Shekara biyu kana koya wa ƙarfe motsi. Nuna mini abu guda da zai yi a gidan nan kafin hutu ya ƙare. In babu, ga wuƙa ga fata."

Wallahi daɗi na ji! Ni da na yi wata uku a wata masana'anta ina sarrafa hannun robo mai walda? Ai wannan wasa ne. A can kowane kamfani da yaren da robonsa ke ji, amma duk tafiyarsu ɗaya: je wuri na ɗaya, dakata, je na biyu, kama, saki. Hannun yana cikin keji, ba mai kusantarsa, kuma inda ka ajiye abu jiya nan za ka same shi yau.

Na haɗa ɗan robo mai taya huɗu da batirin babur, na ɗora masa faranti a ka. Aikinsa kai kwanon fura daga madafar Inna zuwa zaure. Na auna tsakar gida da igiya, na rubuta masa umarni irin na masana'anta: taya ta juya sau kaza, karya dama, miƙe. Sau goma na gwada da hantsi, ba kowa a tsakar gida, ko ɗigo bai zuba ba. Har rawa na taka.

Ranar nunawa, da la'asar, Inna ta ɗora kwano, na danna maɓalli daga madafa. Abin da ban yi tunani ba shi ne inuwa tafiya take. Da la'asar tana komawa kan hanyar da na auna, kuma nan Baba ke salla in gwiwa ta hana shi masallaci. Ya riga ya tayar da kabbara. Robona ya taho abinsa, ya ratsa gabansa, ya taka darduma daidai inda goshi ke sauka, ya wuce.

Inna ta ce, "Innalillahi! Kai, tare shi mana!"

Baba ya sallame, bai ko dube ni ba. Ya ce, "Abin nan naka ba shi da tarbiyya."

Na ji haushi har kunnuwana suka yi zafi. Amma kafin magariba haushin ya koma zumuɗi, don na gane ni na kawo ɗabi'ar keji cikin gidan mutane. Robon gida sai ya gani, ya jira. Na goge komai, na koma ROS, dandalin da ake gina robo masu zama cikin jama'a, inda ido ke aika wa taya saƙo kafin ta juya. Na rubuta umarnin da yaren kwamfuta na Python, na ɗaura masa ƴar kamara. Saura koya masa gane wurin salla. Gida-gida na bi a Birni ina ɗaukar hoton dardumai da buzayen salla. Wata tsohuwa ta ce, "Ɗan baduku, dillancin darduma ka koma?" Na ce mata ɗalibi gare ni mai taurin kai.

Saura kwana biyu hutu ya ƙare muka sake gwadawa. Wannan karon da gangan Baba ya shimfiɗa dardumarsa a tsakiyar hanya. Robo ya taho. Saura kamu huɗu tsakaninsu, ya tsaya cik. Kai, na kusa kurma ihu! Inna ta damƙe hannuna don kada in yi.

Baba ya idar, ya zauna yana jan casbi a hankali, yana satar kallon abin. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a doguwa irin wadda ban taɓa ganin ya yi da rana ba. Robo yana nan tsaye da fura a ka. Sai da Baba ya naɗe dardumar ya saɓa a kafaɗa, sannan ya ci gaba zuwa zaure, Baba na bin sa yana ɗingishi.

Ya ɗauki kwanon ya sha, ya goge baki. Ya ce, "Jibi ne motarka?"

Na ce e.

"To ka koma. Rumfa zan lallaɓa da ita. Amma wannan ka bar mini shi, ya fi ka haƙuri."